Laifin da Aka Ɗora wa Baƙar Alewa

A ƙauyensu na gabashin Finland, babu yaron da ya yi makaranta bai hau motar Tuulikki Karvonen ba. Ita ke bin daji gida-gida tana kwasar ɗalibai, kullum da baƙar alewa mai gishiri a kuncinta.

Sai wani ciwo ya fara kama ta, ciwon da ba ya sallama. Kai ya sara, gumi ya karyo, zuciya ta yi ta dukan uku-uku, can kuma ya lafa kamar an yi ruwa an ɗauke. Likitan ƙauye ya tarar jininta ya hau. Kowa ya san alewar nan na hawar da jini, sai aka ɗora mata laifi.

Tuulikki ta daina shan alewa, ciwo bai daina ba. Ta ja bakinta ta yi shiru, don ranar da likita ya ji, lasisin tuƙinta ya tafi.

Mijinta Veikko ne ya lura ta ƙaurace wa ɗakin siracen da suke shiga tare duk Asabar.

"Tsohuwa, yau ma ni kaɗai?"

"Je ka dafu, tsoho, ko ka yi laushi."

"Na ga matashin kanki sharkaf da gumi. 'Ya'yan mutane fa kike ɗauka."



Wata safiya a gangaren tafki tayar motar ta faɗa wani ɗan rami, bel ɗin kujera ya matse mata ciki, ciwon ya taso. Hanya ta rikiɗe ta zama fara fat a idonta. Ta taka birki, tayoyi suka yi ta ja a kan ƙanƙara, suka tsaya daf da bakin ruwa. Da idonta ya washe ta ƙirga kawuna ta madubi: goma sha tara, cif. Yaran ma hirarsu suke yi.

Ta kira ofis. "Ku turo wani direba. Makullin na jikin mota."

A asibitin birni hoto ya nuna ƙari kamar ƙwan kaza a saman ƙodarta ta hagu. Shi ke kwarara mata sinadarin firgita cikin jini duk lokacin da aka matse shi. Aka cire shi, jini ya sauka. Lasisi kuwa, aka ce sai an ga yadda ta yi zuwa bazara.

Veikko ya zo dubiya da ƙunshin alewa.

"Ga abokiyarki, an wanke ta."

"Ajiye min," in ji ta. "Sai ranar da suka maido makulli."