Hoton Malam Ƙarami a Gurbin Marigayi

A lokacin ina da ɗan shagon kwamfuta a Tambuwal, ina tsara katin biki da kalanda. Ina ji da kaina sosai, don an ce hannuna na da kyau, har na daina duba aiki sau biyu.

Wata rana mutanen wata makarantar Islamiyya a Kebbe suka kawo mini aikin ɗan littafin walimar saukar Alƙur'ani. Shafin farko na marigayi malamin da ya kafa makarantar ne, da addu'ar Allah ya jiƙansa a ƙarƙashin hoton. Na ɗauki hoton a na'urar sikana, na sa masa suna Malam, na ɗora shi a shafin. Bayan kwana biyu suka turo hoton ƙanensa, dattijon da ke riƙe da makarantar yanzu. Shi ma na sa masa suna Malam, na ajiye a wuri ɗaya. Kwamfuta ta tambaya ko in maye gurbin na farko, na danna eh ba tare da na karanta ba.

Abin da na sani amma na yi sakaci da shi, manhajar tsara shafi ba ta haɗiye hoto, sunansa da inda yake kawai take riƙewa. Fuskar marigayin da nake gani a allo tsohon samfuri ne. Har alamar gargaɗi ta fito a gefe, na kawar da kai. Da na fitar da PDF sai ta ɗauko sabon hoton, ni kuwa ban buɗe ba na tura maɗaba'a a Sakkwato.

Ranar walima aka rarraba littafin kafin wani ya lura. Baƙi suka tafi da shi garuruwansu, aka fara bugo waya ana ta'aziyyar dattijon. 'Yar dattijon da ke aure a Jabo, wadda nauyin jiki ya hana zuwa, ta ga shafin a hannun maƙwabciya, ta hau babur da tsohon ciki tana kuka har Kebbe.

Na je ban haƙuri. Dattijon bai yi faɗa ba. Ya ce addu'ar ta yi masa daɗi, ko yau yana bukatarta. Abin da ya dame shi, ɗaliban da suka sauke ba su taɓa ganin yayansa ba, ya so su tafi gida da fuskarsa. Na gwammace ya zage ni.

Na sake bugawa, amma wanda ya watsu ya watsu. Abokan sana'a, ku bambanta sunayen hotuna, ku karanta gargaɗi, ku buɗe abin da kuka fitar shafi-shafi kafin ku tura. A gidaje da yawa har yau, yara na nuna hoton mai rai suna cewa Allah ya jiƙan Malam, kuma ni na koya musu.