Shanun Waya da Gonar Citta

Ni malamin kiɗa ne a wata makarantar sakandare a Kafanchan, ranar Lahadi kuma ni nake kaɗa kibod a cocinmu. Na wuce shekara arba'in lokacin da gem ɗin waya ya shigo rayuwata, kuma ba ni na neme shi ba. Sabuwar waya na saya, mai shagon ya zuba mini shi a ciki ba tare da na tambaya ba. Wata Lahadi bayan sujada ruwan sama ya tsare ni a gida, matata ta tafi taron zumuntar mata, sai na buɗe shi don in ga abin da ke ciki.

Gem ne da ake haɗa mutum huɗu ta intanet a jefa su wani tsibiri, su nemi makamai, su kare juna har su ga wanda zai rage. Kuna wasa kuna jin muryar juna. Na fi sati uku ana haɗa ni da mutanen da ba na jin yarensu, suna yi mini tsawa ina gudu ina faɗawa ruwa. Rannan da la'asar sai na ji wani ya ce da Hausa, a hankali, "Wannan bawan Allah ya san inda za shi kuwa?" A bayan muryarsa kuma saniya tana kuka.

Na ce, "Ban sani ba, ɗan'uwa. Nuna mini hanya."

Sai mutum uku suka fashe da dariya lokaci ɗaya. Ashe sun daɗe suna wasa tare, na huɗunsu ya yi aure ya daina, shi ne gem ɗin yake cike musu gurbi da duk wanda ya samu. Ranar suka ɗauke ni.

Ba mu cika kiran juna da suna ba. Mai saniyar nan Bafulatani ne, rugarsu tana bayan Jere, muna ce masa Na Jere. Ya yi karatun kwamfuta shekara biyu, mahaifinsa ya kwanta ciwo, ya dawo gida ya karɓi sandar kiwo. A kan wani dutse yake samun sabis, yana wasa yana leƙen shanu. Akwai wata ma'aikaciyar gwamnati da ke zaune a Sabon Tasha a Kaduna, sakatariya ce, kowa Anti yake ce mata, kuma duk ta fi mu iya harbi. Na ukun manomin citta ne a Madakiya, mai babbar murya, muna kiransa Sarkin Noma don tsokana. Hausarsa irin ta ƙauyukanmu ce, ba ruwanta da mace ko namiji. "Anti ya kashe mutum biyu," haka zai ce, ita kuma ta daɗe da daina gyara masa. Ni kuwa Malam.

Gaskiyar magana, hira ta fi wasan yawa. Mukan sami wani gida a gefen tsibirin mu shige mu ɓuya, Anti tana gadin taga, mu kuma mu buɗe baki. Sarkin Noma zai kawo zancen wani sabon gem na ƙwallo da ya cinye masa data, ya ce golan ciki ya fi na ƙauyensu sakaci. Ni in kawo ƙorafin kiɗan gem ɗin, wanda kullum kamar ana shirin binne wani babban soja. Anti ta ce ita waƙoƙin bishara na da take so, masu garaya, ba na yanzu da ganga ke danne magana ba. Na Jere ya ce shi in yana aiki ba ya son waƙa mai kalmomi, tana shiga masa cikin rubutu.

Na ce, "Wane rubutu kake yi a bayan shanu?"

Anti ce ta fasa ƙwan: yana koyon gina shafin intanet. Yana da wata tsohuwar kwamfuta da yake cajawa da sola, da safe kafin a saki shanu yakan zauna ya rubuta kod, wato umarnin da ke gaya wa shafi abin da zai yi. Har ya fara ƙera ɗan ƙaramin gem nasa na kansa, wanda ake buɗewa a shafi ba sai an sauke komai ba.

Muka matsa masa ya turo. Abin dariya ne da ban sha'awa. Shanu biyar, fararen akwatuna masu ƙaho, kana kora su da yatsa su tsallake babban titi ba tare da tirela ta kwashe su ba. In sun tsallake sai su shiga wani koren fili su yi kiwo, ka ci.

Sarkin Noma ya ce, "Wannan koren fili, gonar wa ne?"

Na Jere ya ce, "Fili ne kawai, Yaya."

"Babu fili kawai a ƙasar nan. Saniya ya shiga gona, kai kuma ka rubuta an ci."

Da wasa ya fara, amma muryarsa ta canza. Ya ce bara shanu sun bi ta kan kunyoyin cittarsa bayan ta tsiro, ba sa ma cin ta, tattakewa kawai suke yi, aikin wata uku ya lalace a yini ɗaya. Na Jere ya saurara har ya gama, sannan ya ce burtalin da kakansa yake bi da shanu zuwa rafi yanzu masara ce a kai daga farko har ƙarshe, in ka ga saniya a kan kwalta ba son kwaltar take yi ba. Irin wannan magana a wajenmu ba ƙarama ba ce, kowannenmu ya san gidan da ta taɓa. Ana cikin haka wasu 'yan wasa suka shigo gidan da muke ɓuya a tsibirin suka harbe mu duka huɗu, har da Anti.

Ta ce, "To, kun gani. Ku je ku sha ruwa, sai wata Lahadi."

Satin nan ban ji daɗinsa ba. Na ɗauka ƙungiyar ta watse ke nan. Ranar Alhamis ina cikin aji sai saƙo ya shigo daga Na Jere, ba gaisuwa ba komai, adireshin shafin kawai. Da aka tashi tara na buɗe. Ya raba koren filin biyu, ya zana kunyoyi a hagu da dama, ya bar siririyar hanya a tsakiya har zuwa rafi. In saniya ta taka kunya ka faɗi. In kuma ka daɗe ba ka kai su ruwa ba, nan ma ka faɗi. Kafin in rubuta wani abu Sarkin Noma ya riga ni da saƙon murya: "Ganyen citta ba haka yake ba. Wannan albasa ka zana. Bari in turo maka hoto."

Daga nan gem ɗin ya zama namu duka. Sarkin Noma ya zama mai gwaji, domin wayarsa ce mafi tsufa, fuskarta a tsage. In abu ya buɗe a wayarsa, zai buɗe a ta kowa. Kullum da ƙorafinsa: maɓallin farawa ya ɓuya a ƙarƙashin tsagar, rubutun ya yi ƙanana, saniya ɗaya tana tafiya da baya. Muka kwashe Lahadi guda muna gardama a kan launin maɓalli, Anti tana son shuɗi, shi yana son ja, a ƙarshe Na Jere ya sa ruwan ƙasa ya ce launin da ya rage ke nan.

Sau ɗaya shafin ya mutu gaba ɗaya, in ka buɗe sai fari fat. Kwana uku Na Jere yana neman dalili bai gani ba, har ya ce zai goge komai ya sake. Anti ta ce ya ɗauki hoton rubutun ya turo mata. Ya ce, "Anti, ai ba za ki gane ba." Ta ce ba ganewa za ta yi ba, dubawa za ta yi. Tana cikin bas a hanyar ofis, muna jin kwandasta yana kiran fasinja, ta turo murya: "Layi na goma sha ɗaya. Duk 'yan'uwansa sun buɗe alamar baka sun rufe, shi ya buɗe bai rufe ba." Shi ke nan matsalar. Ta ce shekara goma sha tana gyara wasiƙun manya, wanda bai rufe abin da ya buɗe ba tun daga nesa take hango shi.

Saura kiɗa, wannan kuwa aikina ne. Na zauna da kibod ɗina kwana biyu, na haɗa abin da nake ganin ya yi kyau, na tura ina jiran yabo. Anti ce ta fara magana.

"Malam, ya yi daɗi. Sai dai ina ji na fara laluben jakata, na ɗauka lokacin ba da baiko a coci ya yi."

Sarkin Noma ya ce shi har ya miƙe tsaye ya rufe ido. Na Jere, don kunya, ya ce ai shanun za su natsu sosai. Na ji haushi na ɗan lokaci, sannan na sake saurara, na ga gaskiyarsu. Shekara ashirin yatsuna suna bin hanya ɗaya, ko ina na nufa sai su kai ni coci.

Na roƙi kowa ya turo mini ƙarar da ke kusa da shi. Na Jere ya ɗauko mini busar sarewa ta wani baffansa, tsoho, wanda yake busawa in shanu sun kwanta da rana. Sarkin Noma ya turo gangunan wani biki da aka yi a unguwarsu, da muryarsa a ciki yana cewa a matsa masa. Na yi ta ƙoƙarin bin sarewar da kibod, ta ƙi. Muryoyinta suna faɗawa tsakanin maɓallan, ba fari ba baƙi ba. A ƙarshe na ture kibod ɗin gefe, na ɗauko ƙwaryar matata na kifa a kan katifa, na bi tsohon da yatsu a hankali, na sa gangunan Madakiya can ƙasa-ƙasa. Minti uku ya fito. Na Jere ya ce ya yi nauyi, wayar Sarkin Noma za ta kwana tana buɗewa, in rage shi zuwa daƙiƙa ashirin ya riƙa maimaituwa. Yanke kiɗan nan ya fi haɗa shi wuya, amma na yanke.

Bayan an haƙe citta, Sarkin Noma ya ce mu zo Madakiya mu ci abinci, ya gaji da abota da muryoyi. Muka sa wata Asabar. Ni na fi kusa, na hau babur na riga kowa. Anti ta iso da rana, 'yar ƙaramar mace da tabarau, ba ta yi kama da mai harbin da muka sani ba. Na Jere ya zo a ƙarshe, dogo siriri, da kwalbar man shanu a leda. Shi da ya saba da mu a waya sai ga shi ya tsuguna a bakin ƙofa yana gaida kowa da kai a ƙasa. Sarkin Noma ya ɗago shi ya rungume, ya ja shi bayan gida ya nuna masa citta da aka tsaga aka shanya, ya ce ya duba da kyau don kada ya sake zana albasa.

An yi mana tuwon acca, an yanka kaza, kuma Sarkin Noma da kansa ya kira wani maƙwabcinsa Musulmi ya yanka saboda baƙonsa. Muna ci a gindin mangwaro sai mahaifiyarsa ta fito, tsohuwa mai sanda, ta zauna a kujera tana kallonmu. Ɗanta ya buɗe gem ɗin ya miƙa mata don ta ga shanun. Ba ta kalli shanun ba. Ta kai wayar kunnenta, ta bar kiɗan ya zagayo sau uku.

Ta ce, "Wa ya busa wannan?"

Na Jere ya ce, "Baffana ne, Mama."

Sai ta juya ta gaishe shi da Fillanci. Ba kalma ɗaya ba, gaisuwa cikakkiya, har da tambayar shanu da mutanen gida. Ya saki lomar da ke hannunsa ya amsa, ya gyara zama. Ɗanta ya buɗe baki yana kallonta, domin bai taɓa jin ta yi yaren ba. Ta ce tana yarinya akwai ruga a bayan gonar mahaifinta, ita da wata 'yar rugar suke zuwa rafi tare, a can ta koya, kuma yayan yarinyar yana irin wannan busa. Sun tashi tun kafin ta yi aure, ba ta sake jin labarinsu ba. Ta tambayi Na Jere sunan zuriyarsu, ya faɗa, ta girgiza kai ta ce ba su ba ne, amma ba laifi.

Suka ci gaba da hira su biyu, mu uku muna zaune kamar baƙi a gidan. Da ta manta kalma sai ya tuna mata, ta yi dariya ta maimaita. Anti ta duba agogo ta ce in ba ta tashi yanzu ba motar Kaduna za ta bar ta. Tsohuwar ta sa aka ɗaura wa kowannenmu citta a leda, ta Na Jere ta fi girma. Na ɗauki Anti a babur zuwa tasha, ledar tana tsakaninmu, ƙamshin citta yana bin mu har cikin Kafanchan.