Ƙaurin Zaren Tsamiya

Jiya wata Hajiya mai ƙawata gidajen tarihi ta zo rumfata a Makera, tana son labulen saƙin tsamiya, silikinmu na da. Ta ajiye zaren roba mai sheƙi ta ce, "Baba, yi da wannan, wa zai gane?"

Sai Kawuna ya faɗo min a rai, shi ya koya min saƙa. Duk zaren da aka kawo masa sai ya ƙyasta ashana ya ƙona bakin zaren ya sansana. Tsamiyar gaske ƙaurin gashi take yi. Ranar da na sa na roba a ƙoshiyar saƙa don in gama da wuri, da ya kai masa ashana sai zaren ya narke ya manne masa a yatsa. Ya ce, "Warware, ɗan nan. Ban mutu ba tukuna." Na yi zuciya na koma aikin kamfani a Kakuri, ban dawo ba sai bayan ransa. Wautata ce.

Na ce wa Hajiya ko ta jira tsamiya daga ƙauye ko ta nemi wani masaƙin. Ta kwashe zarenta, ban kira ta ba.

Allah ya haskaka kabarin Kawu, ya kawo min wanda zan koya wa kafin tawa ta zo.