Baba Mai Jaka da Igiyar Kafaɗar Hagu

Baba Mai Jaka bai taɓa yarda cewa mutum zai bar gidansu haka kawai ba. A wurinsa dalilan tafiya sanannu ne: ko fatauci, ko karatu, ko gaisuwar rashi, ko kuma an yi abin kunya a gida. Duk wanda ya ce masa ya fito ne don ya ga duniya, sai Baba ya sa shi a sahun ƙarshe, ya ci gaba da ɗinki.

Rumfarsa tana kallon wani masauki mai araha, tsohon bene da aka cika ɗakunansa da gadajen ƙarfe, wani bisa wani. Da can takalma yake gyarawa da jakunkunan 'yan makaranta. Da aka buɗe masaukin sai aiki ya sauya. Samari da 'yan mata suka riƙa zuwa daga ƙasashe iri-iri, kowa da jakar goyo da ta ɗara kansa tsawo, kofi na lilo a gefe, takalmi ɗaure a ƙasa. Wasu sun yi watanni a hanya, wasu sun haura shekara. Sukan hau motar dare don su huta da kuɗin ɗaki, su wanke riga ɗaya su shanya a taga su zauna jiran ta bushe. Zif ya mutu, igiya ta tsinke, ɓera ya huda gindin jaka, duk wurin Baba ake zuwa. Da su ya ciyar da gidansa, da su ya yi wa rumfar rufin kwano, kuma bai yarda da ko ɗaya daga cikinsu ba. Yakan ce mutumin da ya iya biyan kuɗin jirgi amma yake cinikin ayaba kamar ransa zai fita, akwai abin da yake ɓoyewa.

Yana da ƙa'idoji biyu a aikinsa. Ta farko, ba ya taɓa jaka sai mai ita ya zazzage komai a kan tabarma a gabansa. Ya ce don kada allura ta soki abu mai daraja ne. Ta biyu, ba ya ɗinka igiyar kafaɗa sai ya auna bayan mai jakar da tafin hannunsa, daga wuya zuwa ƙugu, domin igiyar da ba a yi wa bayanka ba sai ta ci maka kafaɗa. Daga nan ya goga wa zare kaki, ya bi ɗinkin sau biyu, ya gicciye shi. Jakar da ya gyara ba ta dawowa. Maƙwabta suna cewa ƙwarin aiki ne. Shi kuwa ya fi zaton an kama masu ita ne a wata iyaka.

Matsalarsa ɗaya, ba ya jin harshen baƙin, kuma zargi ba ya ƙosar da mutum in ba a yi tambaya ba. A nan Auta ta shigo. Ita ce ƙaramar 'yarsa, ita ke kawo masa abincin rana tun tana makaranta, har ta gama ta kama aiki a kantin magani da ke ƙarshen layin, ba ta fasa ba. Sai ya mayar da ita tafinta. Ta tambayi wannan wa ke biya masa. Ta tambayi waccan ko iyayenta sun san inda take. A ina ake kwana in kuɗi sun yi ƙasa, yaya ake tsallaka iyaka ba a cuce ka ba, me mutum zai yi in zazzaɓi ya kama shi inda ba shi da kowa, kuma mace ita kaɗai ba ta jin tsoro? Baƙin sukan amsa da murna, don ba abin da matafiyi yake so kamar a tambaye shi. Suka bayyana yadda ake share masauki a ba ka gado kyauta, da yadda ake raba kuɗi gida-gida a jiki, da irin motar da mace ba ta shiga. Auta ta riƙa fassarawa dalla-dalla. Wani lokaci har ta ƙara tambayoyi nata na kanta, abin da ya tabbatar wa Baba cewa a cikin 'ya'yansa ita ce ta gado kaifin hankalinsa.

In baƙo ya tafi yakan ce, "Kin ji ko? Komai suna da amsarsa. Mai gaskiya ba ya shirya amsa haka."

Ita kuma ta ce, "Na ji, Baba," ta kwashe kwanuka.

Wanda Baba ya sa wa ido shi ne Dogo, yayan Auta, mai gyaran waya. Dogo ba ya rabuwa da ƙofar masaukin. Ya iya gaisuwa da harsuna da dama, bai iya komai bayan gaisuwar ba. Yana buga ƙwallo da baƙin, har wata rana aka gan shi da wani zare mai launi ɗaure a hannu. Baba ya kalli zaren nan ya san cewa ruwa ba ya tsami banza.

Ana nan sai ga Dogo da wata tsohuwar jakar goyo koriya, wadda wani baƙo mai komawa gida ya sayar. Babu komai a ciki, igiyoyin kafaɗa duk sun ruɓe. Ya ce ta wani ce, a sake mata igiyoyi. Baba ya tambaya ina mai ita, a auna bayansa. Dogo ya ce mai ita ba ya samun sukuni, amma ga awon, ya miƙa masa wani ɗan kirtani da aka ƙulle a wurare biyu. Baba ya shimfiɗa kirtanin a cinyarsa. Gajere ne, bayan ƙaramin mutum ne mai ƙananan kafaɗu, ko kusa bai kai bayan Dogo ba. Nan take ya gane dabarar: yaron ya rage awon ne da gangan don ya kawar da hankalin ubansa. Har ya ɗan ji daɗi, ganin cewa akwai wayo a gidan.

Da ya koma gida ya shaida wa Inna, matarsa, cewa ɗanta yana shirin bin 'yan yawon duniya. Inna ta ce, "Malam, zato dai zunubi ne," ta ci gaba da ninke wasu kaya da ta wanke. Bai duba kayan wa take ninkewa ba. Ya dai lura hankalinta a kwance yake, ya ƙara wannan a kan laifin Dogo, don kowa ya san uwa da ɗanta namiji.

Daga ranar bincike ya kankama. Ya ɗaga katifar Dogo yana neman fasfo, bai samu ba, ya tabbata an ɓoye shi da kyau. Ya tsare mai masaukin da tambaya, mutumin ya rantse Dogo bai taɓa tambayarsa ko kuɗin mota zuwa gari na gaba ba, Baba ya gane an haɗa baki da shi. Ya sa Auta ta riƙa kawo masa rahoton yayanta tare da abinci. Kullum ta ce Dogo yana shagonsa, ba inda za shi. Gaskiya take faɗa, Baba kuwa ya ji tausayinta, yarinya mai zuciya ɗaya da ake yaudara a gabanta.

Sai ya yanke shawarar yin abin da bai taɓa yi ba tun da ya kama basilla. Hana Dogo da baki ba zai yi amfani ba, don wanda bai ce zai tafi ba, ba a ce masa kada ya tafi. Jakar ce za ta yi magana. Ya yanka igiyoyin daidai awon kirtanin, yana cewa a ransa tun da gajere aka ce, gajeren za a samu. Ta dama ya ɗinke ta yadda ya saba. Ta hagu kuwa ya nemo wani tsohon zare da ya sha rana a saman rumfa, bai goga masa kaki ba, ya bi sau ɗaya, ya yi masa ado a waje yadda ido ba zai gane ba. Ya san ɗansa. Dogo in zai kwana ɗaya a gidan aboki sai ya ɗauki kaya kamar mai ƙaura. Igiyar nan ba za ta kai shi tasha ba. Zai dawo rungume da jaka, 'yan layi su yi dariya, magana ta mutu.

Dogo ya karɓi jakar ya yi godiya. Baba ya zauna jira.

Wata safiya yana jera kayan aiki sai ya hango mutum uku sun nufo rumfar. Inna ce a gaba da mayafin fita. Dogo a baya, ba ya riƙe da komai sai gorar ruwa. A tsakiya Auta, da koriyar jaka a bayanta, ta zauna mata ɗas kamar da ita aka haife ta.

Ta durƙusa ta gaishe shi da jakar a goye. Ta ce ta ajiye aikin kantin. Za ta tafi ne tare da wata ƙawarta ma'aikaciyar jinya, su bi ƙasa a mota, su yi aiki a masaukai a ba su wurin kwana, su kai inda ƙarfinsu ya kai, wataƙila shekara. Ta ce ta daɗe tana neman bakin da za ta faɗa masa, kullum ta zo sai ta tarar yana maganar Dogo.

Baba ya kalli Inna, Inna ta kalli rufin kwano. Sai ya koma kan abin da ya iya, ya fara jero tambayoyinsa. Wa zai biya, ina za a kwana, in cuta ta zo fa. Auta ta amsa kowace, a tsanake, da amsoshin da ta shekara da shekaru tana fassara masa a wannan tabarmar. Bai sami wadda zai kama ba. Shi da kansa ya tace su.

Daga ƙarshe ta ce, "Baba, motar ba ta tashi ba tukuna. In ka ce kada in je, zan sauke."

Ba ya son ya ce je ki, ba ya kuma son ya zama shi ne ya ce zauna. Sai ya tuna ai ba sai ya ce komai ba, akwai igiyar hagu. Ya miƙa hannu kamar mai gyara mata zama, ya ɗan ɗaga jakar daga ƙasa don ya ji nauyinta. Ba nauyi. Yarinyar da ta ga ɗaruruwan jakunkuna a zazzage ta san abin da matafiyi ke dana-sanin ɗauka. Da irin wannan kayan zaren ba zai tsinke a hanyar tasha ba. Zai riƙe makonni, ya yi ta ci a hankali, sai an kai wani tudu ko wata iyaka inda ba ta san kowa ba kuma ba mai basilla, sannan ya saki.

Ya ce, "Sauke jakar."

Auta ta sauke, ba ta ɗaga kai ba.

"Zazzage."

Ta zazzage a kan tabarma: 'yan riguna, sabulu, magunguna a leda, tocila, takalmi ɗaya. Baba bai ko duba ba, karo na farko a tarihin rumfar. Ya jawo jakar, ya sa wuƙa a ɗinkin hagu. Bai ma yanka ba, taɓawa kawai ya yi zaren ya wargaje kamar yanar gizo.

Inna ta ce ashe zaren bana ba shi da ƙwari. Dogo ya ɗauki guntun zaren ya murza a yatsa, ya ce, "Baba, wannan ni aka ɗinka wa ke nan? Allah ya saka da alheri."

Baba ya ce ya rufe masa baki ya miƙo kaki. Ya sa Auta ta juya, ya auna bayanta da tafin hannu daga wuya zuwa ƙugu, ko da yake awon kirtanin daidai yake, ya kuma san daidai yake. Ya zauna ya ɗinke hagu, ya bi sau biyu, ya gicciye. Ya kwance ta dama wadda ba abin da ya same ta, ya sake. Dogo yana duba waya yana cewa mota za ta cika, kuma dai ba a fafe gora ranar tafiya. Baba ya ce wanda ya faɗi haka bai san abin da aka zuba a gorar ba.

Da ya gama ya ciji zaren, ya riƙe mata jakar ta sa hannu, ya ja igiyoyin da ƙarfi har ta yi taga-taga.

"In ta tsinke ba ɗinkina ba ne," in ji shi. "Kaya kika ƙara."

Iyakar izinin da ya bayar ke nan, kuma har yau yana musun cewa izini ne. Bai raka ta tasha ba, ya ce ba a barin rumfa ba kowa. Mai masaukin ya ce ranar ba a ɗinka komai a rumfar ba har aka tashi.

Yanzu Dogo ke kawo abincin rana, shi ne kuma tafinta, don haka binciken Baba ya tsaya a gaisuwa. Auta tana kiran bidiyo a waya daga wuraren da Baba ba ya iya faɗin sunansu. Kafin ya amsa gaisuwarta sai ta nuna masa igiyar hagu, kusa da ido, ciki da waje. Ta nuna masa teku, ta nuna masa duwatsu masu farin kai, ya ce to, a mayar da wayar kan ɗinkin. Har yanzu bai yarda cewa ganin duniya kawai ta je yi ba. Ya ce akwai dalili, kuma zai gano shi.

Kwanakin baya Inna ta ba shi tsohuwar jakarta ta tafiya, ta ce zif ɗin ya cije, a duba mata. Aikin da ba ya wuce shan ruwa ne. Jakar tana nan rataye a rumfa bayan kansa, ya ce bai sami irin zif ɗin ba tukuna.