Asalin Injin Hadijatu

A unguwar Tandabawi ta Makka, idan injin wanki ya tsaya, Abdulbaƙi ake kira, amma ba da son rai ba. Gyara kam ya iya shi. Bakinsa ne matsalar, don ba ya taɓa inji sai ya tona masa asiri a gaban mai shi.

Basakkwace ne. Ya zo Makka da ƙuruciyarsa, ya koyi gyara a wurin wani mutumin Yaman a unguwar Kudai, daga baya ya buɗe ɗan shagonsa da bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. A wannan sana'a ya gano abin da ya zame masa jaraba: sunan da ke goshin inji sau da yawa ba na maƙerinsa ba ne. 'Yan kasuwa kan je masana'anta ɗaya su sa a yi musu ɗaruruwa, kowa a liƙa masa sunan da ya ga dama. Saboda haka shi ko kallon sunan ba ya yi. Kwantar da injin yake, ya cire murfin baya, ya duba kan kusoshi da launin wayoyi da haruffan da aka buga a jikin ƙarfen ciki. Sai ya miƙe yana karkaɗe hannu, fuskarsa cike da mugunta.

"Hajiya, wa ya ce miki na Jamus ne? Wannan ko a mafarki bai taɓa ganin Jamus ba."

Mata nawa ya ɓata wa rai da wannan magana, Allah kaɗai ya sani. Kuma abin haushi, bai taɓa kuskure ba.

Inji ɗaya ne bai taɓa tona wa asiri ba, na matarsa Hadijatu. Lokacin da ya kawo ta Makka, wankin kayan alhazai take yi da hannu, har yatsunta suka tsattsage. Ya ji tausayinta ƙwarai, ya sayo mata inji mai tukunya biyu, an rubuta Baronela a gabansa da ruwan zinariya. Ta tambaye shi na wace ƙasa ne, shi kuma ango ne mai son a yabe shi, bakinsa ya suɓuce ya ce Italiya. Alhali tun a shago ya leƙa bayansa ya san wata masana'anta ce a Taiwan ta yi shi.

Shekara talatin Hadijatu tana taƙama da wannan Italiya. Ta ɗinka wa injin riga mai leshi. Wadda ta fi shan gorin ita ce maƙwabciyarta kuma ƙawarta Ɗaso, mai wani inji da ake kira Durratu. Hadijatu ba ta taɓa kiransa da sunansa ba, sai dai ta ce gwangwanin Ɗaso.

A shekarar 2015 Baronela ta tsaya cak. Wani ɗan ƙarfe mai haƙora da ke juya tukunyar wankin ne ya cinye. 'Yarsu Nuha ta ce za ta kawo sabon inji, uwar ta ce ko an kawo a bakin ƙofa zai tsufa. Abdulbaƙi ya zaga masu tsofaffin kaya daga Kudai har Nakkasa bai samu ƙarfen ba. Ya kuwa san inda guda yake, yana cikin gwangwanin Ɗaso, don injinan biyu fenti da suna ne kawai suka raba su. Ga shi Ɗaso na shirin komawa wajen ɗanta, inda sabon inji ke jiranta.

Ya same ta tana ɗaure kwanuka, ya roƙe ta tsohon injin a ɓoye. Ɗaso ba yarinya ba ce. Ta ajiye igiyar ta dube shi, ta kira shi baban Nuha irin yadda Larabawa ke yi.

"Abu Nuha, me kayan gwangwani zai yi a cikin ɗan Italiya?"

Ya yi ta kewaye-kewaye, a ƙarshe ya amsa cewa wuri ɗaya aka ƙera su. Ɗaso ta yi dariya har da riƙe ciki. Ita a ganinta magana ta fito, ashe Baronela ma gwangwani ce.

"Ɗayyib, na yarda, na ba ka," in ji ta. "Amma sai ka maimaita wannan magana a gaban matarka Ummu Nuha, ina zaune."

Bayan la'asar suka haɗu a falon Hadijatu, an zuba shayi da na'ana'a. Mutumin da ya saba kunyata matan unguwa yana murmushi, ran nan gumi yake. Tsoro ne ya kama shi sosai, ba na faɗa ba, na ganin fuskar matarsa ta faɗi.

"Ummu Nuha," ya ce, "injinki da na Hajiya Ɗaso masana'anta ɗaya ta yi su. Uwarsu ɗaya, ubansu ɗaya."

Ɗaso ta gyara zama tana jira. Hadijatu ta ajiye kofinta, sai ta dafa ƙirji.

"Ikon Allah! Ɗaso, ashe ke ma ɗan Italiya gare ki duk shekarun nan? Wallahi ki yafe mini, na yi ta ce masa gwangwani ban sani ba."

Dariyar da Ɗaso ta tanada ta maƙale. Wannan lissafin bai taɓa zuwa mata ba, kuma da ya zo sai ta ji ya fi nata daɗi. Ta juyo a hankali.

"Abu Nuha, haka ne? Nawa ma na can ne?"

Kalma ɗaya ta rage masa. In ya ce Taiwan, Ɗaso ta sami dariyarta, shi kuma ya ɗauki ƙarfensa. Ya dubi Hadijatu, tana ta murna tsakani da Allah don ƙawarta ta sami daraja. Ya kurɓi shayi ya ƙona harshe.

"Inda nata ya fito, can naki ya fito," ya ce.

"Halas, shi ke nan!" in ji Ɗaso, ta miƙe tana gyara mayafi. "Ɗan Italiya zan ba ka ka farke? Da shi zan tafi. Ummu Nuha, in kina da sauran leshin nan ki sam mini."

Washegari Abdulbaƙi da kansa ya taya aka ɗora Durratu a mota, aka ɗaure shi da igiya biyu kada ya ƙuje.

Tun daga lokacin, duk ranar Asabar shagon a rufe yake har azahar. Mai neman Abdulbaƙi ya hau saman bene, zai same shi a tsugune gaban baho, ya naɗe hannun riga, kumfa har gwiwar hannu. Ya hana Hadijatu taɓa ruwan. Ita tana kan kujera tana nuna masa inda bai fita ba. In wata maƙwabciya ta leƙo ta tambayi labarin Baronela, sai Hadijatu ta ce an aika a kawo ƙarfen, amma ai an san Italiya da nisa.

"Da nisa kam," in ji Abdulbaƙi, ya ci gaba da matse zanenta.