Malam Jalo, Wanda Ya Kawo Mana Majigi Zaure

Ranar Talata, 9 ga Maris, 1993, ana tsakiyar azumi, labari ya iso mu a Ƙofar Galadima cewa Allah Ya karɓi ran Malam Jalo, babban kuku a otal ɗin da ɗana Ya'u yake aikin kai abinci. Dukanmu na Allah ne, wurinSa za mu tattara.

Malam, da farko tsoronka nake ji. Ya'u mai in'ina ne, tun yana ƙarami ake kwaikwayonsa a unguwa. Da na ji kuna shirya wasa ku ma'aikatan otal, har da shi, hankalina ya tashi. Na aika aka kira ka, na yi maka magana ta bayan ƙofa: "Malam, dariyar da ake masa ba ta isa ba?" Ka ce, "Uwa, kyamararmu ta gwanjo ce, ba ta ɗaukar murya. A wasan nan kowa bebe ne, har ni sarkin surutu."

Da kuka gama, ka san ba zan taka otal ba, sai ka kawo majigin gida. Ka rataya zanen gado a zaure, ka fita ka zauna a dakali domin matan gida mu sake. Muka ga mai shara yana rawa da tsintsiya, kai kuma da tukunya a ka, kowa yana son burge wani baƙo da kuka zaci mai shirya fim ne, ashe katifa yake sayarwa. Ya'u ya shigo da tire, ya yi mutuwar ƙarya, miya ko ɗigo ba ta zube ba. Maƙwabciyata Batulu har da hawaye. Ranar aka fara yi wa ɗana dariya na ji daɗi. Da sunansa ya fito a zanen, ni na haɗa baƙaƙen da kaina, lokacin ban daɗe da shiga ajin yaƙi da jahilci ba.

Tun da aka kai ka makwanci Ya'u ya daina magana, buɗa-baki ma sai ruwa. Na ji tsoron ya koma ɗaki ke nan kamar da. Amma jiya a sadakar uku, ƙanena ya ce Ya'u ya durƙusa gaban yayanka cikin maza ya yi gaisuwa. Ya daɗe a kan "Allah Ya ji ƙansa", kowa ya jira shi, ya kai ƙarshe.

Allah Ya ji ƙanka, Malam, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makoma. Allah Ya ba maiɗakinka Safiyatu da yara haƙuri, Ya raya abin da ka bari.