Jitar da Kawu Ya Sassauta

Shekara guda ke nan da rasuwar Kawu, sai jiya na iya buɗe akwatin jitarsa. Tsoro nake yi kada zafin hitar ɗumama gidanmu na unguwar Highbridge ya tsaga katakon, ga shi amana ya bar mini.

Lafiya lau na same ta, tana ƙanshin man kaɗen da yake shafa wa yatsunsa. Duk tsirkiyoyin a sassauce suke. Haka yake yi in zai yi doguwar tafiya, don kada wuyanta ya lanƙwashe. Ashe kafin mu kai shi asibiti ya yi sallama da ita. Na zauna a ƙasa na yi ajiyar zuciya. Mutuwa ba ta shammace shi ba.

Na taɓa tambayarsa ko yana da-na-sanin barin ƙungiyar makaɗan da ya yi suna a cikinta, ya koma kiɗa shi kaɗai. Ya yi dariya.

"'Yata, can ƙarar ganguna ba ta bari in ji hannuna. Yanzu har kuskurena ina ji."

Allah Ya yafe masa kurakuransa, waɗanda ya ji da waɗanda bai ji ba.